Idan Dokin Dara Ya Zama Dodo

A shekarar 1980 kamfanin TSR na Amurka ya fitar da wani ɗan littafin kasada mai suna The Ghost Tower of Inverness, wanda Allen Hammack ya rubuta wa masu buga Dungeons & Dragons. A cikinsa akwai wani ɗaki da aka zana daɓensa gida-gida kamar allon darar ces. Duk jarumin da ya taka sahun farko, daga nan tafiyarsa ta zama irin ta ɗan darar da ke zama a gidan da ya taka. Wanda ya sauka a gidan doki sai ya yi ta tsallen doki har ya ƙetare, wanda ya sauka a gidan sarki kuwa sai taku ɗaya-ɗaya. Duk wanda ya kuskure, ɗakin ya ji masa rauni. Littafin ya haura shekara arba'in, amma gardamar da irin wannan ɗaki ke tayarwa tana nan da ranta: shin ces tana da wurin zama a wasan da ake ginawa da labari, ko kuwa baƙuwa ce mai ɓata zama?

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, abin ya yi kama da tatsuniyar da masu sauraronta ne jaruman cikinta. Mutum huɗu ko biyar sukan kewaye tebur, kowa da jarumin da ya ƙirƙira: wannan mayaƙi, wancan matsafi, waccan ɓarauniya mai buɗe kowane kwaɗo. Mutum ɗaya, wato jagoran wasa, shi ke bayyana duniyar, kuma shi ke riƙe da dodanni da sarakuna da 'yan kasuwar cikinta. Ɗan wasa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa ɗan ludo mai fuska 20, lambar da ta fito ta nuna ko ya dace ko bai dace ba. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, kuma tun daga lokacin jagorori ke farautar sababbin dodannin da za su girgiza 'yan wasa.

Cikin abubuwan da suke yawan komawa gare su akwai rundunar ces. Yawanci gumaka ne na dutse ko na ƙarfe waɗanda tsafi ya rayar: sarki, sarauniya, dawaki biyu, hasumiyoyi biyu, giwaye biyu (su ne Turawa suka mayar limaman coci), sai dakaru takwas a gaba. Kowanne yana tafiya yadda yake tafiya a kan allo. Mujallar Dragon, a fitowarta ta 358 a shekarar 2007, ta buga irin waɗannan halittu da sunan chaturani, sunan da aka aro daga chaturanga, kakar ces ta ƙasar Indiya. Jagorori masu yawa kuma ba su jiran wata mujalla, sukan ɗauko 'ya'yan darar da ke gida su jera a kan taswirar yaƙi.

Hujjar masu goyon baya ta farko ita ce mafi ƙarfi, kuma ta shafi abin da ke sa faɗa ya yi daɗi a tebur. Dodon da ba a san halinsa ba, babu dabarar da za a yi masa sai sara da suka har ɗaya ya faɗi. Mafi yawan faɗace-faɗacen da ke gundurar 'yan wasa haka suke: kowa ya tsaya inda yake, ana jefa ɗan ludo ana rage makin rai. Dodon ces kuwa yana shigowa da dokarsa a rubuce a goshinsa. Da zarar 'yan wasa sun ga gunkin doki ya yi tsalle gida biyu gaba, ɗaya gefe, sun gane da wa suke yi, kuma daga wannan lokaci kowane taku nasu ya zama shawara.

A duba yadda abin ke aiki. Giwa ba ta tafiya sai a karkace, saboda haka ba ta taɓa barin launin gidan da ta fara a kai. Cikin gidaje 64 na allo, 32 kawai take iya takawa. Matsafin da makin ransa ya yi ƙasa, idan ya lura da haka, sai ya koma gidan ɗaya launin ya tsira ba tare da ya sha wani magani ba. Doki kuma duk tsallen da ya yi sai ya canza launi, kuma ba ya iya cin wanda ke manne da shi, don haka mafakar mai gudun doki ita ce ya matso kusa da shi, abin da hankalin mai tsoro ba ya fara kawowa. A tsakiyar allo doki na barazana ga gidaje takwas, a kusurwa kuwa biyu kacal, ke nan akwai riba a tura shi lungu. Hasumiya na rufe layi guda daga bango zuwa bango, sai dai duk abin da aka gitta mata ya tsayar da ita, ko da tebur ne aka kifar. Sarauniya daga tsakiya tana kallon gidaje 27. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da jagora ya sha wahalar ƙirƙira, kuma babu wanda zai ɓata lokaci yana karanta wa mutane. Ƙarnuka na buga ces sun riga sun tace dokokin.

Masu wannan ra'ayi sukan kawo misalin Into the Breach, wasan kwamfuta na shekarar 2018 da ake bugawa a kan fili mai gida takwas sau takwas, inda abokan gaba ke nuna gidan da za su kai wa hari kafin su kai. Sanin abin da ke tafe bai rage wa wasan zafi ba, shi ne ma ya sa mutum ke daɗewa yana auna taku ɗaya. Dodon ces na kawo irin wannan tunani teburin da ake amfani da fensir da takarda.

Hujja ta biyu ta shafi tsarin runduna. Bugu na huɗu na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2008, ya raba dodanni gida-gida bisa aikinsu a fagen fama: akwai masu harbi daga nesa, akwai ƙarfafa masu ɗaukar duka, akwai masu sari-ka-noƙe, akwai masu ba da umarni, akwai kuma 'yan cika fage masu makin rai ɗaya tak, waɗanda bugu guda ke kayarwa. Masu tsara wasan sun yi haka ne domin faɗa da dodanni iri ɗaya ba ya armashi. Rundunar ces ta zo da wannan rabon aiki tun daga asali, tun lokacin da chaturanga ta jera ɓangarori huɗu na sojojin Indiya: 'yan ƙasa, mahaya dawaki, giwaye da kekunan yaƙi. Ta kuma zo da abubuwa biyu da jagorori ke wahalar samu. Na ɗaya shi ne agogo: dakare mafi rauni, idan ya kai ƙarshen allo, ya zama sarauniya, don haka ba a iya yin biris da shi, kuma kowane zagaye da ya wuce hatsarin na ƙaruwa. Na biyu shi ne hanyar gama faɗa ba tare da an kashe kowa da kowa ba. A kama sarki, runduna ta sandare. Wannan kaɗai ya isa ya mayar da faɗan awa ɗaya na sare-sare ya koma tseren kutsawa, inda mayaƙi ke tare hanya, ɓarauniya ke silalewa ta bayan layi.

Wasan ma yana da halittunsa na asali masu irin wannan ɗabi'a. Modron, waɗanda suka fara bayyana a littafin Monster Manual II na 1983, halittu ne na tsantsar tsari, kowanne ba ya hulɗa sai da na sama da shi da na ƙasa da shi a muƙami, kuma idan aka hallaka ɗaya nan take a ɗaga na ƙasa ya cike gurbin. 'Yan wasa sun karɓe su hannu bibbiyu, har aka yi musu littafin kasada na kansu, The Great Modron March, a 1997. Duniyar da ta ɗauki waɗannan, in ji masu goyon baya, ba ta da dalilin ƙin gunkin da ba ya tafiya sai a karkace.

Sai kuma batun labari, wanda a nan ne marubuci mai son tarihi ya fi samun abin ci. 'Ya'yan ces ba su taɓa zama itace kawai ba, kowace al'umma ta sassaƙa fadarta a kansu. Waɗanda aka tono a tsibirin Lewis na Sikotland a 1831, da aka sassaƙa da haurin dabbar ruwa tun ƙarni na 12, wasu daga cikin hasumiyoyinsu mayaƙa ne da suka zare ido suna cizon garkuwarsu don tsananin ɗokin yaƙi, sarauniyoyin kuma sun yi tagumi. A Borno, inda aka buga wani nau'in ces mai suna tsatsarandi, C. K. Meek ya rubuta a 1934 cewa ana kiran sarkin allo Mai, na kusa da shi Ciroma, hasumiya kuwa Kaigama. Sarauniya kanta a da waziri ce mai rauni, mai taku ɗaya a karkace, sai a ƙarshen ƙarni na 15 a Sifaniya ta zama mafi ƙarfi a allo. Jagoran da ya san waɗannan yana da fada sukutum a hannunsa: sarki rarrauna da kowa ke mutuwa dominsa, sarauniyar da ta fi shi ƙarfi amma ba ta iya gadonsa, dakaren da ke mafarkin kaiwa ƙarshen layi. Akwai kuma tambayar da ke tashi da kanta duk inda aka ga 'ya'yan dara na motsi: hannun wa ke matsar da su? Wannan tambaya ta isa ta ɗauki labari na watanni.

Gygax kansa bai ga wata katanga tsakanin wasannin biyu ba. A 1983 ya fitar da The Land Beyond the Magic Mirror, wanda ya gina a kan Through the Looking-Glass na Lewis Carroll, littafin 1871 da Alice ke ratsa ƙasa mai siffar allon ces a matsayin dakare har ta zama sarauniya. A watan Agustan 1985 kuma, a fitowa ta 100 ta mujallar Dragon, ya juya abin: ya kwaso dodanni ya zuba su cikin ces, ya ƙirƙiro Dragonchess mai alluna uku a jere sama da ƙasa, na sararin sama, na doron ƙasa da na ƙarƙashinta, kowanne mai gida 12 sau 8, kowane ɓangare da 'ya'ya 42. Har a littafin 'yan wasa na bugu na biyar, na 2014, ana lissafa kayan Dragonchess cikin abin da jarumi zai iya saya.

To amma masu suka su ma tarihi suke riƙe da shi, kuma nasu ya fi tsawo. A 1780 wani malami a Braunschweig ta Jamus, Johann Hellwig, ya faɗaɗa ces ya mayar da ita wasan koyar da yaƙi, da allo mai gidaje fiye da 1,600 masu launukan da ke nuna duwatsu, ruwa da dazuzzuka. Hafsoshin soja sun ga har yanzu abin bai yi kama da yaƙi ba, domin runduna ba ta tafiya gida-gida. A 1824 Georg von Reisswitz ƙarami ya gabatar wa sojojin Furusiya da nasa wasan: ya jefar da allon ya ɗauko taswirar gaske, ya shigo da ɗan ludo saboda harbi ba kullum yake samu ba, ya kuma naɗa alƙali mai yanke hukunci kan abin da doka ba ta hango ba. Daga wannan zuri'a aka samu wasannin yaƙi na ƙananan gumaka, aka samu Chainmail na Gygax da Jeff Perren a 1971, aka samu Dungeons & Dragons. Alƙalin Reisswitz shi ne kakan jagoran wasa na yau. Ke nan, in ji masu suka, duk abin da ya sa wannan wasa ya zama abin da yake, an same shi ne ta hanyar barin ces a baya: sa'a, ɓoyayyen bayani, da 'yancin gwada abin da babu a littafi. Mai dawo da allon yana rushe ginin shekara ɗari biyu ne da hannunsa.

Lissafi ma yana bayansu. A bugu na biyar, gida ɗaya a taswirar yaƙi ƙafa biyar ne, ke nan allon ces gaba ɗaya ƙafa 40 ne a kowane gefe. Tsafin dunƙulen wuta, wanda matsafi ke samu tun yana mataki na biyar, yana cin ƙafa 20 ta kowace fuska daga inda ya faɗa, wato faɗinsa daidai da faɗin allon. Runduna 16 da ta jeru a sahu biyu, jifa ɗaya zai lashe kusan dukkanta kafin dakare na farko ya ɗaga ƙafa. A wannan mataki dai akwai tsafin tashi sama, kuma giwa ba ta da abin da za ta yi wa wanda ke shawagi a rufin ɗaki. Jagoran da ya kwana yana tsara tarkon doki sai ya ga dara ta ci gida cikin minti biyu. Abin da yawanci ke biyo baya shi ne ya fara toshe ƙofofi: a ɗakin nan wuta ba ta ci, ba a tashi sama, ba a ɓacewa a ɓullo wani wuri, ba a fasa bango. Kowace ƙofa da ya toshe, wani abu ne da ɗan wasa ya yi watanni yana tarawa aka ƙwace masa.

Akwai kuma saɓani a can ƙasan dokokin. A ces, ci tabbas ne: doki ya sauka a gidanka, ka fita daga allo, babu gardama. Dukkan dabarunta, daga kai wa abu biyu hari lokaci guda har zuwa sadaukar da sarauniya, a kan wannan tabbaci suka tsaya. A wasan jarumai kuwa doki na iya sauka ya kai sara ya kuskure, domin idan ana neman 11 ko sama a ɗan ludo mai fuska 20, rabin lokaci ba za a samu ba. Ko ya samu, mayaƙi mai makin rai 50 ya karkaɗe jiki ya rama. A ces ɗa ɗaya ke motsi a kowane juyi, a nan kuwa kowa na motsi a kowane zagaye. Idan aka bi dokar ces, dodanni 15 za su tsaya kallo ana dukansu. Idan aka bi dokar wasan jarumai, dodanni 16 da jarumai huɗu juyi 20 ke nan a zagaye guda, kuma in kowanne ya ci minti ɗaya, an kashe minti 20 a kan abin da a cikin labari daƙiƙa shida ne.

Amma sukar da ta fi ciwo ta mutane ce. Wasan jarumai ya ginu a kan cewa mutum na iya zama abin da ba shi ba: mai jin kunya ya buga sarkin baki, wanda bai taɓa riƙe takobi ba ya buga barde. Allon ces na karya wannan alkawari, domin ba ya tambayar abin da ke rubuce a takardar jarumi, kan mai riƙe da takardar yake tambaya. Sai a ga matsafin da aka ce ya fi kowa basira a masarauta ya rasa ta cewa saboda mai buga shi bai san tafiyar doki ba, ƙaton da aka ce ko sunansa bai iya rubutawa ba ya zama shi ke tsara yaƙi saboda mai buga shi ɗan ƙungiyar ces ne. Daga nan tebur ya koma na mutum biyu, jagora da gwanin ces, sauran suna jiran a ce musu ga inda za su tsaya.

Fitaccen misalin da kowa ke kawowa don yabon wannan salo shi ne ma ya fi tona asirinsa. A Harry Potter and the Philosopher's Stone, littafin 1997 da aka mayar fim a 2001, yara uku sun shiga allon manyan gumaka, Ron ya hau doki ya sadaukar da kansa domin Harry ya kama sarki. A karatu da kallo abin na taɓa zuciya. To amma a duba abin da sauran biyun, Harry da Hermione, suka yi: tsayuwa da bin umarni. Ron kaɗai ya buga wasan. An ɗauko ƙwararren ɗan ces, Jeremy Silman, ya tsara yadda 'ya'yan za su tsaya a fim ɗin, amma da aka zo tacewa sai aka yanke da yawa daga cikin takun, domin mai kallo ba ya jure bin ces taku bayan taku. Marubuci na iya tabbatar da cewa sadaukarwar ta zo daidai lokacinta. Jagora ba shi da wannan iko, kuma mutanen da ke teburinsa ba su zo don su zama Hermione mai jiran umarni ba.

Idan aka ajiye hujjojin nan gefe da gefe, wani abu na fitowa fili. Kusan duk alherin da masu goyon baya suka lissafa yana zuwa ne lokacin da dokar ces ta ɗaure dodo. Kusan duk ɓarnar da masu suka suka lissafa tana zuwa ne lokacin da ta ɗaure jarumi. Sau da yawa ɓangarorin biyu ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Giwar da ba ta barin launinta rauni ne da mai lura zai gano ya amfana, kuma ba sai ya iya ces ba, ido kawai yake buƙata, kamar yadda ake gano cewa wani dodon na tsoron wuta. Ɗakin da ke tilasta wa jarumi tafiyar giwa kuwa jarrabawa ce a darasin da ba kowa ya ɗauka ba. Ɗakin Hammack na cikin kashi na biyu, kuma yana da uzurinsa: an fara rubuta littafin ne domin gasa a 1979, inda ake ba da maki, ana auna basirar 'yan wasan kansu. Abin da ya dace da gasa ba lallai ya dace da abokan da ke haɗuwa kowane mako don ci gaba da labarinsu ba.

Matsalar tabbacin ci ma an daɗe da warware ta, tun kafin a haifi wasan. A The Chessmen of Mars na 1922, Edgar Rice Burroughs ya ƙirƙiro jetan, darar duniyar Mars mai gida goma sau goma, wadda a birnin Manator ake bugawa da mutane masu rai a babban fili. Idan ɗa ya shiga gidan abokin gaba, ba a cire kowa kai tsaye. Su biyun za su zare takubba, wanda ya rayu ya riƙe gidan. Allo ke yanke wa zai gamu da wa, ƙarfe ke yanke wa zai tashi. Burroughs na cikin marubutan da Gygax ya lissafa a 1979 a matsayin waɗanda suka yi tasiri ga wasan, kuma wannan tsari nasa shi ne daidai abin da tebur ke buƙata: ces ta riƙe tafiya, ɗan ludo ya riƙe faɗa.

Batun toshe ƙofofi kuwa, kamfanin Larian ya nuna hanya a Baldur's Gate 3 na 2023, wasan kwamfutar da aka gina a kan dokokin bugu na biyar. Akwai wani ɗaki a cikinsa da ake neman a kama baƙin sarki a kan allo. Mai iya ces ya warware da taku, wanda matsafi Gale ke cikin tawagarsa ya samu shawara daga gare shi, wanda kuma ba ya son ko ɗaya ya aika wa sarkin tsafin walƙiya ya wuce. Duk hanyoyin uku an karɓe su. Jagoran da dunƙulen wuta ya cinye masa dakaru takwas bai yi asara ba, domin matsafin ya ji daɗin da ya zo nema, ga kuma sarauniya da dawaki na nan tsaye.

Da sauran abin da masu suka ke da gaskiya a kai, wanda babu dabarar da ke kawar da shi. Salon ya sha amfani. Ɗan wasan da ya daɗe a harkar, da ya ji an ce daɓen ɗaki fari da baƙi ne, ya san abin da ke biye. Kuma daɗin dodon ces yana cikin lokacin ganewa ne, sa'ad da wani ya buga tebur ya ce ai wannan tafiyar doki ce. Wannan lokaci sau ɗaya yake zuwa. A karo na biyu babu abin ganowa, saura aiki. Shi ya sa jagorori masu wayo ke ɓoye asalin: babu allo mai launi biyu, babu gunki mai kan doki, sai wata halitta mai tsalle a karkace cikin kangon fada, a bar 'yan wasa su haɗa zaren da kansu. Akwai kuma buƙatar dalili a cikin labarin, ko da gajere ne, kamar sarkin da aka la'anta tare da fadawansa, ko matsafin da ya sassaƙa masu gadinsa da siffar wasan da ya fi so. In babu shi, duniyar da aka sha wahalar ginawa sai ta koma ɗakin wasa.

Hukuncin da hujjojin suka fi karkata gare shi shi ne a yi amfani da su, amma da hannu mai sauƙi. Runduna 16 ta yi yawa, huɗu zuwa shida sun isa: sarki a baya, doki ɗaya, giwa ko hasumiya, da dakaru biyu ko uku masu rarrafe zuwa ƙarshen layi. Dokar tafiya ta hau kan dodanni kaɗai, jarumai su riƙe duk abin da suka shigo da shi, har da tashi sama da fasa bango. Wanda jaruminsa mai basira ne a ba shi damar jefa ɗan ludo ya hango inda doki zai sauka, ko da shi kansa bai taɓa zama gaban allo ba. Jagoran da ya san teburinsa duk 'yan ces ne yana iya zurfafawa yadda ya so. Wanda bai tabbata ba, ya tambaye su tun kafin ya kwana yana zana gidaje 64.